Amir Abdulƙadir na Aljeriya da Kiristocin Dimashƙu

Cikin shekara ta 1808, shekarar da jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo suka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, aka haifi wani yaro can arewa da hamada, a ƙauyen Gaitana kusa da garin Maskara, cikin ƙasar da mu ke kira Aljeriya a yau. Aka raɗa masa suna Abdulƙadir. Mahaifinsa, Shehu Muhyiddini, shi ne babban muƙaddamin ɗariƙar Ƙadiriyya na wannan yanki, watau ɗariƙar da Shehu Usmanu da almajiransa suka bi. Mahaifiyarsa kuwa sunanta Lalla Zuhra, mace ce mai karatu. Labarin wannan bawan Allah za mu kawo ma masu karatu a wannan shafi. Mutane da yawa sun san shi da yaƙin da ya yi da Faransa. Amma akwai wani aiki da ya yi daga baya cikin mako ɗaya tak, wanda a ganinmu ya fi dukan yaƙe-yaƙensa nauyi.

Abdulƙadir ya tashi cikin zawiyar mahaifinsa, tsakanin almajirai da baƙi da dawaki. Yana da shekara 14 ya haddace Alƙur'ani. Bai cika shekara ashirin ba mahaifinsa ya tafi da shi aikin hajji, suka bi ta Masar, suka sauke farali, suka wuce Dimashƙu, sa'an nan suka ziyarci kabarin Sidi Abdulƙadir Jilani a Bagadaza. Da an bar shi da son ransa, da a kan buzu zai ƙare rayuwarsa, yana karatu yana karantarwa. Allah bai nufa haka ba.

Ran 5 ga Yuli 1830 sojojin Faransa suka kama birnin Alje, mulkin Turkawa ya faɗi, ƙasa ta zama ba mai riƙo. Kabilun yamma suka nemi Muhyiddini ya shugabance su. Ya ce ya tsufa, ya miƙa masu ɗansa. Cikin watan Nuwamba 1832, a gindin wata itaciya a filin Garis, aka yi ma Abdulƙadir mubaya'a, aka kira shi Amirul Muminina. Wannan laƙabi shi ne wanda Muhammadu Bello ya ke riƙe da shi a Sakkwato a daidai wannan zamani, shi ne mu ke fassarawa Sarkin Musulmi. Sabon amir yana da shekara 24.

Shekara 15 ya yi yana fafatawa da Faransa. Ya ci su a Makta cikin 1835, suka ci shi a Sikkak cikin 1836. Ran 30 ga Mayu 1837 suka ƙulla sulhun Tafna, wanda ya bar masa mafi yawan yammaci da tsakiyar ƙasar. Cikin ɗan wannan sarari ya kafa hukuma: ya naɗa halifofi a kan jihohi, ya sa alƙalai bisa albashi, ya tara zakka da ushira, ya buga kuɗinsa, ya gina maƙerar bindigogi, ya mai da Tagdamt mazauninsa. Ba za mu ɓoye ba, ya yi ma waɗansu Musulmi ƴan'uwansa tsanani. Cikin 1838 ya kewaye Ain Madi, garin gidan Shehu Ahmadu Tijjani, wata da watanni, don sun ƙi bin sa. Da yaƙi ya sake tashi a ƙarshen 1839, Faransa ta aiko da Janar Bijo, mutum marar tausayi, wanda dabararsa ita ce ƙona gonaki da rumbuna, da sare itatuwa, da kwashe dabbobi. Cikin 1845 wani hafsa mai suna Pelisiye ya sa aka hura wuta a bakin kogunan Dahra, hayaƙi ya kashe ɗaruruwan mutane da suka ɓuya ciki, har da mata da yara.

To, a tsakiyar irin wannan yaƙi ne halin Abdulƙadir game da Kirista ya fara bayyana. Ya hana sojojinsa yanke kawunan abokan gaba, ya sa lada ga duk wanda ya kawo bursuna da ransa. Bursunoni mata kuwa a hannun mahaifiyarsa ya ke danƙa su. Cikin 1841 ya yi wasiƙu da babban limamin Katolika na Alje, Dupush, har suka yi musayar bursunoni, ya kuma yarda a aiko da limamin Kirista ya zauna tare da waɗanda ke hannunsa, ya yi masu addu'a irin tasu. Akwai tabo guda a wannan babi. Cikin Afrilu 1846, yana can nesa wurin yaƙi, halifansa da ya bari a sansani ya sa aka kashe bursunonin Faransa fiye da 200, sabo da yunwa da tsoron kada a ƙwace su. Ba shi ya ba da umurni ba, amma jaridun Faransa a wuyansa suka rataya laifin, suka yi ta kiransa mai shan jini.

Ƙarfinsa ya yi ta raguwa. Tun 16 ga Mayu 1843 aka kama babban zangonsa mai tafiya, inda iyalai da dukiya da littattafansa su ke. Sarkin Maroko, wanda ya ke taimakonsa da fari, ya juya masa baya bayan Faransa ta ci shi a Isli cikin 1844. Ran 23 ga Disamba 1847 Abdulƙadir ya ajiye makamai a hannun Janar Lamorisiyer, bisa alkawarin za a kai shi Iskandariya ko Akka, ya zauna cikin ƙasar Musulmi. Ɗan sarkin Faransa da kansa ya tabbatar da alkawarin. Sai jirgin ruwa ya nufi Tulon. Aka tsare shi can, aka mai da shi Po, sa'an nan Ambuwaz, cikin wani tsohon gidan sarauta mai sanyi da laima. Mutum 25 daga cikin iyalinsa da mabiyansa suka mutu a Ambuwaz, da yawansu yara ƙanana. Sai ran 16 ga Oktoba 1852 Luwi Napoleyon ya zo da kansa ya sake shi. Abdulƙadir ya rubuta alkawari ba zai koma Aljeriya ba, ba zai sake ɗaukar makami a kan Faransa ba. Aka yanka masa albashi na faran dubu 100 a shekara, ya tafi Bursa cikin ƙasar Turkawa. Da girgizar ƙasa ta rushe garin cikin 1855, ya koma Dimashƙu, babban birnin Sham, ya zauna a unguwar Amara, yana ba da karatu a babban masallacin Banu Umayya.

Mai karatu ya lura da wannan mutum da kyau kafin mu ci gaba. Kiristoci ne suka ƙwace ƙasarsa, suka ƙone garuruwansa, suka watsa littattafansa, suka karya masa alkawari, suka tsare shi kusan shekara biyar. In da akwai Musulmin da duniya za ta yi ma uzuri in ya ƙi Kirista, to, shi ne.

Dimashƙu a lokacin tana ƙarƙashin Sarkin Santambul. Mutanenta sun kai wajen dubu 150, Kiristoci kuwa wajen dubu 20 ne a cikinsu, mafi yawa suna zaune a unguwar Bab Tuma. Waɗannan ba baƙi ba ne. Larabawa ne, harshensu Larabci, kakanninsu suna birnin tun kafin Musulunci ya iso. Shekaru aru-aru suna biyan jiziya, ana barinsu da addininsu, amma a matsayi na ƙasa: shaidarsu ba ta yin nauyin ta Musulmi a gaban alƙali, ba su gina sabuwar majami'a sai da izini mai wuyar samu. Cikin 1856 Sarkin Santambul, bisa matsin ƙasashen Turai da suka taimake shi yaƙi da Rasha, ya fito da doka mai daidaita talakawansa duka a gaban shari'a, ko wane ne addininsu. Musulmi da yawa suka ɗauki abin ƙasƙanci da aka ɗora masu daga waje. Ga kuma zancen kasuwa, wanda sau da yawa shi ke ɓuya bayan zancen addini. Yadin masaƙun Turai ya cika gari da araha, masaƙan gida suka talauce. Waɗansu attajirai Kiristoci kuwa suka zama dillalan Turawa, suka samu kariyar jakadu, suka gina manyan gidaje, har suna ba manyan Musulmi rance. Talakan Kirista bai ci kome daga cikin wannan riba ba, amma a idon mai jin haushi, shi da attajirin da jakadan duka abu ɗaya ne.

Cikin Mayu da Yuni 1860 yaƙi ya tashi a duwatsun Lubnan tsakanin Duruzawa da Kiristoci Marunawa. Aka yi ma Kiristoci kisan gilla a Hasbaya da Rashaya da Dairul Ƙamar, a waɗansu wurare sojojin Turkawa suna tsaye suna kallo. Dubban masu gudun hijira suka kwararo Dimashƙu, suka cika majami'u da lunguna. Abdulƙadir, da ya ke tsohon mayaƙi ne, ya ji ƙanshin abin da ke tafe. Ya tafi wurin gwamna, Ahmad Basha, ba sau ɗaya ba, ya gargaɗe shi. Ya rubuta ma shugabannin Duruzawa. Ya yi magana da malaman gari. Da ya ga gwamna ba shi da niyyar kome, sai ya tara mutanensa na Aljeriya da ke zaune a Sham, wajen mutum dubu, ya shirya da ƙaramin jakadan Faransa aka samo kuɗin sayen makamai.

Abin da ya kunna wutar ƙarami ne. Waɗansu samari suka bi titunan unguwar Kiristoci suna zana alamar gicciye a ƙasa, don mai wucewa ya taka abin da ya ke girmamawa. Aka kai ƙara. Gwamna ya sa aka kama su, aka sa masu mari a ƙafa, aka fito da su ran Litinin 9 ga Yuli 1860 su share titi a gaban jama'a. Mutanen kasuwa suka ƙwace su, aka rufe shaguna, taro ya nufi Bab Tuma. Kafin la'asar unguwa tana cin wuta. Aka fasa gidan jakadan Rasha, aka bi gida gida ana kashe maza, ana kwashe mata da kaya. Mutanen ƙauyuka da na jeji suka ji labari suka shigo neman ganima. Sojojin gwamna waɗansu suka janye, waɗansu suka shiga cikin masu wawaso. A daren farko aka shiga gidan limamai ƴan ɗariƙar Faransis, aka kashe takwas daga cikinsu, tare da waɗansu ƴan'uwa uku, na gidan Masabki, da suka fake wurinsu. Su goma sha ɗayan nan ne Paparoma Faransis ya sa cikin waliyyan Katolika ran 20 ga Oktoba 2024.

Abdulƙadir bai tsaya jiran kowa ba. Ya fita da ƴaƴansa da mutanensa, suka kutsa cikin unguwar da ke ƙonewa, suna kira da murya Kiristoci su fito, ga Abdulƙadir ya zo, kada su ji tsoro. Mutane suka riƙa fitowa daga rijiyoyi da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da magudanan ruwa. Ya isa makarantar mata masu hidimar majami'a, ya fito da su da limamansu da ɗaruruwan yara, aka sa su tsakiya, mayaƙa suna gefe da gefe, har gidansa. Jakadun da suka tsira su ma can suka fake, har da na Faransa. Gida ya cika, aka buɗe gidajen maƙwabta da na dangi, su ma suka cika. Da ya ga mutanensa ba za su iya kai wa ko'ina ba, sai ya sa aka yi shela: duk wanda ya kawo masa Kirista da rai, zai ba shi ƙurushi 50. Ya zauna bakin ƙofa da jakar kuɗi yana biya. Ya san halin ɗan'adam. Wanda wa'azi bai ratsa shi ba, kuɗi na iya ratsa shi, kuma da yawa cikin waɗanda suka kawo mutane don lada, da jiya su ne masu wawaso.

Kashegari taro mai yawa ya zo ƙofar gidansa da makamai, suna neman ya miƙo masu Kiristocin. Suka tuna masa shi ma ya yaƙi Nasara shekara da shekaru. Ya fito ya tsaya gabansu. Waɗanda suka ga abin sun ba da labari cewa ya bambanta masu abu biyu: waɗanda ya yaƙa soja ne da suka zo cin ƙasarsa da makami a hannu, waɗannan kuwa maƙwabta ne masu amana, ba su ɗauki makami a kan kowa ba, jininsu haramun ne a shari'a. Da ya ga magana ba ta isa ba, ya sa a kawo masa dokinsa da makamansa, mutanensa suka ja daga. Taron ya san ko su wane ne ke gabansa, mutanen da suka yi shekara 15 suna karawa da rundunar Faransa. Suka watse.

Daga nan ya riƙa tura waɗanda ya ceto ƙungiya ƙungiya, da rakiyar mayaƙansa, zuwa babban barikin soja mai ganuwa da ke tsakiyar birni. Kiristocin da fari suka ƙi tafiya, don sun ji abin da sojojin Turkawa suka yi a Hasbaya, sai da ya sa mutanensa su zauna can tare da su. Fitinar ta yi kwana bakwai zuwa takwas. Masana tarihi sun sha bamban a kan yawan waɗanda aka kashe, daga dubu biyu da ɗari biyar har zuwa dubu biyar ko fiye. Waɗanda suka tsira a barikin kuwa sun haura dubu goma, kuma da yawansu ta hannunsa suka isa. Adalci ne a faɗi cewa ba shi kaɗai ba ne. A unguwar Midan manyan Musulmi sun tsare Kiristocin unguwarsu, ba a taɓa su ba, haka kuma waɗansu malamai da attajirai sun ɓoye maƙwabtansu cikin gidajensu.

Mu mutanen Nijar ba sai an fassara mana wannan labari ba. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 a Damagaram, da kashegari Asabar a nan Yamai, mun ga irinsa da idonmu. Wata jarida ta birnin Pari, Charlie Hebdo, ta buga zanen da ya ɓata ran Musulmi, kuma ɓacin ran yana da dalili. Amma wa fushin ya faɗa ma? Masu zanen suna can Faransa, kuma ba masu zuwa majami'a ba ne, jaridarsu ta sha yin izgili ga Paparoma. Waɗanda aka ƙone ma wuraren ibada ƴan ƙasa ne, Hausawa da Zabarmawa da Gurmawa, da baƙinmu na Benin da Togo, jama'ar da ba ta kai biyu cikin ɗari na mutanen ƙasa ba. Mutum 10 suka rasa rayukansu cikin kwana biyu, hukumar ƴan sanda ta ƙirga majami'u 45 da aka sa ma wuta a Yamai kaɗai, a Damagaram kuwa ɗaruruwan Kiristoci suka kwana cikin barikin soja, kamar mutanen Bab Tuma. Gwamnati ta sa zaman makoki na kwana uku. Bambancin nan da Abdulƙadir ya yi ma taron da ke ƙofar gidansa, tsakanin wanda ya cuce ka daga nesa da maƙwabcin da ka haɗa su da shi don kawai sunan addini, shi ne abin da ya ɓace ma masu zanga-zanga a waɗannan kwanaki biyu.

Mu koma Dimashƙu. Sarkin Santambul ya aiko da ministansa na harkokin waje, Fu'ad Basha, da cikakken iko, don ya riga Turawa hukunci. Aka rataye waɗansu, aka harbe waɗansu, fiye da mutum ɗari, aka tura samari da yawa aikin soja na dole. Gwamna Ahmad Basha da kansa aka harbe shi. Duk da haka Faransa ta sauke soja wajen dubu shida a Bairut cikin Agusta 1860 da sunan kare Kiristoci, suka zauna har tsakiyar 1861. Masu tarzomar sun ce suna ƙin shisshigin Turawa, ga shi da hannunsu suka buɗe masu ƙofa. Kiristoci da yawa suka bar birnin, sana'ar saƙar siliki da su ke riƙe da ita ta daɗe ba ta farfaɗo ba.

Lambobin girma suka yi ta zuwa ma Abdulƙadir: daga Napoleyon na Uku, da Sarkin Santambul, da Sarkin Rasha, da Paparoma, da Girka. Amurka ta aiko masa da ƙananan bindigogi biyu, Ingila ta aiko da bindiga mai adon zinariya. Imam Shamil, wanda ya yaƙi Rasha a duwatsun Kafkas, yana tsare a hannunsu a lokacin, ya rubuto yana yaba masa. A cikin Dimashƙu kuwa akwai masu gunaguni, suna cewa mai cin albashin Faransa ne, don iyayen gidansa ya yi. Gaskiya ne yana karɓar albashin, gaskiya ne kuɗin makaman ta hannun jakadansu ya fito. Amma albashi ba ya sa dattijo mai shekara hamsin da ɗaya ya shiga unguwa mai cin wuta da ƴaƴansa, kuma wanda ya duba yadda ya riƙe bursunoninsa shekara ashirin kafin haka, lokacin da Faransa ke farautarsa, zai ga hali ɗaya ne. Shi kansa, cikin wasiƙar da ya aika ma babban limamin Katolika na Alje, Pabi, ya danganta aikin ga biyayya ga shari'ar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kuma haƙƙin da ɗan'adam ke da shi a kan ɗan'uwansa. Da aka riƙa raɗe-raɗin Faransa za ta naɗa shi sarkin Larabawan Sham, ya nuna ba shi da bukata.

Sauran rayuwarsa ta tafi cikin karatu da zikiri. Ya koma Makka da Madina ya daɗe, ya halarci buɗe mashigin ruwa na Suwes cikin 1869. Darussan da ya ke bayarwa a kan tafarkin Shehu Muhyiddini Ibn Arabi aka tara cikin littafinsa mai suna Al-Mawaƙif. Alkawarin da ya yi cikin 1852 bai karya shi ba, ko da ɗansa ya tafi shiga tawayen Aljeriya na 1871, ya fito fili ya ce ba da yawunsa ba. Waɗansu ƴan kishin ƙasa sun daɗe suna jin zafin wannan.

Ya rasu a Dimashƙu ran 26 ga Mayu 1883, yana da shekara 74, aka rufe shi kusa da kabarin Ibn Arabi a unguwar Salihiyya. Cikin watan Yuli 1966, shekara huɗu bayan Aljeriya ta samu mulkin kai, gwamnatin Huwari Bumadiyan ta ɗauko gawarsa cikin jirgin sama, aka sake rufe shi a maƙabartar Al-Aliya ta birnin Alje. Dandalin da gunkin Janar Bijo ya ke tsaye a zamanin mulkin mallaka, sunan Abdulƙadir aka sa masa.